Tsakuwar Da Na Daɓe Ɗakin Maigidana Da Ita

A shekarun da zan ba ku labari, ni mace ce mai ƙarfin jiki da ƙarfin baki, irin wadda idan ta ce za a yi abu sai an yi shi. Ban san shekaruna na lokacin daidai ba, don a ƙauyenmu na ƙasar Adar ba a rubuta ranar haihuwa, amma furfura ba ta fito mini ba tukuna. Ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin salla ba. Wannan takarda maƙwabciyata ce, malamar lakwal, wato makarantar boko, take rubuta mini. Ina faɗa tana rubutawa, idan kuka ya ci ƙarfina ta ajiye alƙalami ta jira ni. Na roƙe ta kada ta sa sunan kowa, kuma kada ta gyara mini laifina ya yi kyau.

Na biyo maigidana zuwa Arlit lokacin da gari yake gari. Lebura ne a wajen haƙar ma'adini, ɓangaren da ake niƙa dutse. Aka ba mu ɗaki biyu a gidajen kamfani, ga siminti a ƙasa, ga famfo a tsakar gida, ga wuta. Ni da na tashi ina jan guga tun hannuna bai yi ƙwari ba, sai ga ni ina murɗa ƙarfe ruwa na zuba. Ina toya waina a bakin hanyar ma'aikata, 'ya ɗaya Allah ya bar mana muna renonta. Na saba da wannan zama har na manta cewa aro ne. Sai kasuwar ma'adinin ta faɗi. Aka ce masu saye a ƙasashen Turawa sun ja baya, aka fara rage ma'aikata rukuni rukuni, wata rana maigida ya dawo da rana tsaka da takarda a hannu, ya ce an ba mu lokaci mu mayar da makulli. Gida ba mu iya komawa ba, don fari ya cinye ƙauyen, 'yan uwanmu ma mu suke kallo. Muka kwashe kaya zuwa unguwar bukkoki, bayan gari, inda makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka yi zango. Ɗakinmu na farko buhuna ne da kwali da gangunan ƙarfe da aka fasa aka miƙe. Idan iska ta taso sai ka tauna yashi a cikin tuwo. Maigida ya haƙura, ya samu gadi a bakin kasuwa. Ni ce ban haƙura ba. Na rantse sai na gina ɗaki wanda matan da na bari a gidajen kamfani za su shigo su rasa abin faɗa.

Bango bai ba mu wahala ba. Mun buga tubali da hannunmu, muka samu wani magini ya ɗora mana, ya bar taga biyu ƙanana, ɗaya gabas ɗaya yamma. Inda aiki ya tsaya shi ne rufi da ƙasa. A nan babu icen da za ka sara ka yi azara, daga kudu ake kawo ta, kuma a lokacin tawaye ya rufe hanya. Motoci ba sa tashi daga Agadas sai sun taru sojoji sun raka su, wanda kuwa ya samu ya ɗauko kaya, hatsi zai ɗauko, ba azara ba. Bangonmu ya tsaya buɗe yana kallon sama wata da watanni. A bayan kasuwa akwai masu sayar da tsofaffin ƙarafa, tiyo da faranti da waya, maƙera na saye suna ƙera tukwane da murhu da ƙofofi. Babu mai tambayar daga ina ƙarafan suke fitowa, don kowa ya san daga wajen ma'adini ne. Na je na zaɓi tiyo shida masu kauri, tsawonsu daidai faɗin ɗakin, cikinsu duk wani ɓawo ya kama mai ruwan ɗorawa. Na ce a raina wannan ya fi azara, gara ba ta ci, ba ya ruɓewa. Tsakuwar kuma wani direba ne da yake cin wainata ya kawo mini. Irin niƙaƙƙen dutsen nan ne mai ruwan toka da ake zubarwa bayan an gama da shi, wanda ake cike ramukan hanya da shi. Ya juye mini tuli guda a ƙofar gida, bai karɓi komai ba.

Da maigida ya dawo ya ga tulin da ƙarafan, sai ya tsaya bai ko cire takalmi ba. Mutum ne marar hayaniya, tun da na aure shi ban ji ya ɗaga murya ba. Ya kira ni gefe ya ce mini, a can ciki kafin su tashi daga aiki sai sun tuɓe kayan aiki sun yi wanka, ko takalmin ba a bari su zo da shi gida. Ya ce abin da aka hana ya biyo shi a tafin ƙafa, yanzu ni zan shimfiɗa masa ya kwanta a kai. Na tambaye shi me ke cikin dutsen. Ya ce shi ma bai sani ba, an dai ce musu akwai abu. Na ce yana ƙonewa ne, ya ce a'a. Na ce yana wari ne, ya ce a'a. Na ce to ashe aljani ne, sai a kira malam ya yi tofi. Na ɗebi tsakuwar na wanke ta a ƙwarya a gabansa, na ɗauki ƙwaya ɗaya na sa a baki na tsotsa, na ce ga ni ban mutu ba. Sannan na faɗi maganar da har yau take ci na. Na ce namijin da bai iya kawo azara ba, ba shi da bakin hana tiyo. Ya dube ni, ya ce to uwar gida, Allah ya sa alheri. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci. Daga ranar bai sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya.

Aka ɗora tiyon, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa. Sai na kira gayyar daɓe yadda ake yi a garinmu. Na jiƙa bagaruwa kwana uku, na dafa shinkafa da wake, mata suka taru da madaɓai, muka baje tsakuwar muka yayyafa ruwa muka hau bugu da waƙa tun hantsi har la'asar. A cikinsu akwai maƙwabciyata ta jikin katanga, wata Ba'abziniya da fari ya raba ta da raƙuma da awaki. Ba ta taɓa riƙe madaɓi ba, tana bugawa a karkace, mata na yi mata dariya, ita kuma tana cewa mu Hausawa mahaukata ne, ƙasa ba ta yi mana laifin komai ba mun taru muna dukanta. Ni kuwa kullum kai take ce mini kamar namiji, kai Ba'adara mai bakin tsiya. Daɓen ya fito sumul, baƙi wuluk, yana ƙyalli kamar an shafa mai, da sanyi ko a tsakiyar bazara. Matan gidajen kamfani suka zo suka taka, wata ta durƙusa ta shafa ta ce ya fi simintinsu. Ranar na ji na rama duk abin da aka yi mini. Tsakuwar da ta rage na ba Ba'abziniyar, na kuma taya ta daɓe nata ɗan ɗakin da hannuna.

Mun yi shekaru a ɗakin lafiya lau, shi ya sa har yanzu kaina yake ɗaurewa. 'Yata ta girma a kan daɓen nan, aka ɗauke ta aure daga cikinsa, ba ta taɓa ko ciwon kai mai tsanani ba. Sai maigida ya fara tari. Da farko mun ce sanyin gadi ne. Tarin ya ƙi tafiya, ya fara ramewa, rigarsa ta zama kamar ta aro. Asibitin kamfani ba ya karɓar wanda aka sallama, muka je na gwamnati, aka ba shi ƙwayoyin tarin da ya sha wata da watanni ba su yi komai ba. Ni kuma abin da na sani tun daga uwata shi ne, mai tari ba ya son iska. Na cusa tsumma a tagar gabas, na ga yashi na shigowa ta gefe, na kwaɓa laka na liƙe ta gaba ɗaya. Bayan kwana kaɗan na liƙe ta yamma. Na rataya bargo a bakin ƙofa. Da zafi ya dame shi na sauke shi daga gado na shimfiɗa masa tabarma a kan daɓen, don ya ji sanyinsa. Ina kai masa kunu nan, ina yi masa alwala nan, ya fi shekara bai fita ba sai don ban ɗaki. Sau ɗaya ya roƙe ni in fitar da shi ƙarƙashin rumfar zana ya kwanta, ya ce numfashinsa ya fi sauƙi a waje. Na ce masa yaro ne shi da zai nemi abin da zai kashe shi, na ja bargon na gyara. Bai yi musu ba. A kan wannan daɓe ya cika, wata ranar Talata bayan azahar, kansa a cinyata. Mutane suka yi ta cewa ba a taɓa ganin matar da ta yi jinya irin tawa ba, ni ma na yarda da haka.

Shekaru suka wuce, tawaye ya lafa, hanya ta buɗe. 'Yata ta zo haihuwa gabana kamar yadda aka saba, ta haifi mace, mijinta yana tafiye-tafiyen mota sai ta daɗe a wurina har jaririyar ta fara rarrafe. Wata safiya wasu mutane suka shigo unguwa, samari na nan garin da wata mata mai gilashi, suna bin gida gida da wani ɗan akwati kamar rediyo. Suka yi sallama da ladabi, suka ce auna wuri suke yi, ba haraji ba ne. A tsakar gida akwatin yana ɗan ƙara jefi jefi, kamar ɗigon ruwa. Da suka ɗaga bargon suka shiga ɗaki sai akwatin ya ruɗe, kamar an zuba gero a kasko mai zafi. Wani dogo a cikinsu ya miƙa shi sama kusa da tiyon, ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya. Suka dubi juna. Jikata na zaune a tsakiyar daɓen tana tsotsar yatsa. Matar mai gilashi ta sunkuya ta ɗauki yarinyar ta miƙa wa uwarta, ta ce a fita da ita waje.

Suka zaunar da ni a rumfa suka yi mini bayani da Hausa, a hankali, suna ce mini inna. Abin da na riƙe shi ne, wai dutsen yana fitar da wata iska kullum, dare da rana, ba ya gajiya. A fili tana watsewa, a ɗaki mai taga tana raguwa, amma a ɗakin da aka toshe taruwa take yi, mai kwana a ciki ya yi ta shaƙa. Dogon ya nuna liƙaƙƙun tagogin ya tambayi wanda ya rufe su. Na ce ni ce. Ya ce tun yaushe. Na ce tun maigida yana jinyar tari. Sai na kama hannun matar na ce ta dubi Allah ta faɗa mini, ni na kashe shi ko ba ni ba. Ta ce ba za ta iya cewa e ba, ba za ta iya cewa a'a ba. Ta ce mutumin da ya yi shekaru yana shaƙar ƙurar niƙa, mai yiwuwa da ciwonsa ya fito daga can, ɗakin bai ƙara komai ba. Mai yiwuwa kuma ɗakin ya ƙara. Na ce to ni fa, da na kwana a ciki fiye da shi, har na tsotsi dutsen, me ya sa nake nan garau. Ta ce haka abin yake, yana kama wani ya bar wani. Na ce jikata fa. Ta ce a dai raba ta da ɗakin daga yau, sauran sai a bar wa Allah.

Tun daga ranar ban sake samun wuri guda da zan ajiye zuciyata ba. Na je wajen limamin unguwa, ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, in yi istigfari in daina tuhumar kaina. Na yarda da shi, amma da na dawo na ga lakar da na liƙa da yatsuna, har sawun yatsun yana nan, sai maganarsa ta zube. 'Yata ta ce in bar zancen, babanta ya yafe mini tun yana da rai. Na ce ta yaya ta sani, tunda bai taɓa cewa na yi laifi ba balle ya ce ya yafe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shirunsa. Fiye da shekara yana kwance a kan abin da ya ce kada a shimfiɗa, yana kallon tiyon da ya ce kada a ɗora. Ko ya manta ne, ko ya ɗauka ba shi ba ne, ko kuwa ya sani sarai ya ga ba zai iya da bakina ba, ban sani ba. Na shiga wajen Ba'abziniyar ina kuka, don an auna nata ɗakin shi ma ya yi ƙara, na ce ta yafe mini kyautar da na yi mata. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce kai Ba'adara, wa ya gaya maka na taɓa kwana a ciki. Ta ce ita bango yana shaƙe ta, tun da aka gina ɗakin buhunan harawa take ajiyewa, ita da 'ya'yanta a waje ƙarƙashin rumfa suke shimfiɗa. Na ji sanyi, sannan na ji wani abu ya soke ni, don rumfar da take kwana irin wadda maigida ya roƙa ce.

Masu akwatin sun ce za su dawo da mota a kwashe daɓen da ƙarafan a kai inda ya kamata, in jira. Ban iya jira ba, kuma wannan ne kuskurena na biyu. Da surukina ya dawo na sa shi ya tara mutane, suka kware rufin, suka fasa daɓen da diga, aka tara komai a bayan katanga a bakin hanya, tiyo shida a jingine, tsakuwa tuli guda. Washegari da na fito zubar da shara sai na tarar da wata baƙuwa, cikin waɗanda suka zo sabo, ta durƙusa tana cika tasa. Na ruga na kama tasar. Ta ce baba ai zubarwa kuka yi. Na ce akwai ciwo a ciki. Ta juya tsakuwar a hannu ta ce ita ba ta ga ciwo ba, rowa dai ta gani, tsohuwa da ƙafa ɗaya a kabari tana gadin duwatsu. Mutane suka taru, wasu na cewa takaba ce ta taɓa mini kai tun tuni. Na zazzage tasar da ƙarfi, ta tafi tana zagina. Sai na ɗauko tabarma na shimfiɗa nesa kaɗan da tulin, inda zan riƙa ganinsa, na zauna. Haka na yi ta yi kullum, da carbina, ina korar mata da masu amalanke, har motar ta zo bayan makonni. Amma mutum yana salla, yana shiga ban ɗaki, yana barci. Da aka zo lodi, tiyo huɗu aka samu. Na bi maƙeran bayan kasuwa ɗaya ɗaya ina tambaya, kowa ya ce bai gani ba.

Yanzu a rumfar zana nake kwana, cikin kangon ɗakin, sama a buɗe. Jikata ta girma, tana lafiya, amma ko atishawa ta yi sai in tashi in taɓa goshinta. Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ban koye shi da wuri ba. Ni na ɗauka mugun abu sai ya yi wari ko ya yi zafi ko ya yi muni, ashe akwai wanda yake zuwa da sanyi da ƙyalli, mata su durƙusa su shafa. Na ɗauka kuma wanda bai iya yi maka bayani ba, ba shi da gaskiya. Mai gini, namiji ko mace, ina roƙon ka, kafin ka ɗora ƙarfe a kanka ko ka zuba tsakuwa a ƙarƙashin 'ya'yanka, ka tambayi inda ta fito, ko da kyauta aka ba ka. Idan daga wajen ma'adini ne, ka bar ta, laka da yashi sun ishe ka. Idan ka riga ka gina, ka nemi masu aunawa, kuma in sun ce ka jira su, ka jira, kada ka zubar a hanya kamar yadda na yi. 'Yan uwana mata masu jinya, idan marar lafiya ya ce a fitar da shi ya sha iska, ku fitar da shi, shi ne yake cikin jikin.

Malama ta ce takarda ta kusa cika, in faɗi na ƙarshe. Ban san ko ni na kashe maigidana ba, kuma na gane ba zan sani ba sai ranar da muka haɗu. Wannan tsakanina da shi ne da Ubangiji. Amma tiyo biyu suna wani wuri a garin nan, ko an ƙera tukunya da su, ko suna ɗauke da rufin wani, yara na kwana a ƙasa. Masu kauri ne, tsawonsu kamu takwas, ɗaya yana da lanƙwasa a baki, cikinsu da ɓawo mai ruwan ɗorawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Idan a ɗakinka suke, ba na neman ka dawo da su, ba na kuma kiran ka ɓarawo. Ka fitar da yaranka waje yau, in tagarka a liƙe take, ka fasa ta.